Turke Na Bakwai

Katin shaidata aka fara raba ni da shi, tun ban sha ruwan Kwatano ba. Kwana biyu muka yi daga Malanbil a saman kamiyon albasa, muna sauka a kowane shinge jandarmomi su ƙare mana kallo, mu koma mu hau. Shekarar ce da aka ce kowa a ƙasarmu ya kafa jam'iyyar da yake so, ma'aikata suna ta yajin aiki, mu kuma a Gangara gero ya ƙi kai mu ko tsakiyar rani. Ni ne babba a ɗakinmu, don haka ni aka tura bida, in nemo abin da za a ci.

A tasha wani mutum ya tare ni, riga wankakkiya, biro biyu a aljihu, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ce ana ɗaukar ƴan dako a tashar jiragen ruwa, yau ce ranar ƙarshe, in kawo katina ya kai buro, wato ofis, a rubuta sunana. Da hannu biyu na miƙa masa, har da godiya. Na zauna kan buhuna tun hantsi har aka kira la'asar, duk mai farar riga da ya ɓullo sai in miƙe tsaye. Wata mai sayar da ruwa ce ta gaji da ganina, ta yi mani alama da hannu cewa mutumin ya tafi ke nan.

Daga ranar na zama mutumin da ba ya son ganin kaki. Ko mai gadin kanti na hango da hula sai in canza hanya. An ce mani baƙon da aka kama ba takarda, kulle shi ake yi har a manta da shi. Ban san ko gaskiya ba ne, amma cikina ya yarda. Sati biyu na yi ina kwana a barandar wani masallaci a Zango, ina dakon doya da rana, kafin ladanin ya ji tausayina. Ya ce in nufi gabas da gari, unguwar masunta, akwai wani Bagobiri mai tsire da ake kira Baba Nomau, mutumin Gidan Rumji, ba ya korar ɗan Maraɗi.

Teku kuwa na ji shi kafin in gan shi. Ina tafe cikin yashi tsakanin bukkokin kaba sai na ji ruri kamar hadari na tasowa, na ɗaga kai, sama tas. Na sha kwana bayan wani gida, sai ga shi. Ni ruwan da na sani mafi girma shi ne tabkin bayan garinmu, wanda shanu ke shanyewa kafin sanyi ya wuce. Wannan ba shi da ƙetare. Sai ya taso ya naɗe, ya faɗi da ƙarfi har ƙasa ta amsa a tafin ƙafata, ya ja da baya, ya sake dawowa. Na tsuguna inda nake, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

A haka Baba Nomau ya same ni, dogon tsoho mai tsagen Gobir har kunne, wuƙar yanka nama a hannunsa.

"Kai kuma daga wane ƙauye anka koro ka?" in ji shi.

Na ce, "Daga Gangara, Baba. Sunana Lawali. Wai yaushe ruwan ga yake janyewa?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Shekara talatin da ɗoriya ina jiran shi janye, ɗana. Tashi, kak ka sa masunta su ce duk haka muke."

Gidansa ɗaki uku ne na bulo da rufin kwano, da itacen bedi ɗaya a tsakar gida wanda ya ce da hannunsa ya shuka. Ba shi da gona a gida, ƴan uwansa sun raba tun da daɗewa. Gidan nan shi ne duk abin da ya samu a zaman Kurmi. Ya ce lokacin da ya gina shi, kafin ka kai ruwa sai ka wuce layin gidaje biyu, da gonar kwakwa, da filin da samari ke buga ƙwallo. Da na zo, layi ɗaya ya rage a gabansa. Kullum maganarsa ɗaya ce: duwatsu. An jibge manyan duwatsu a bakin ruwa wajen unguwar masu hali, teku ya ja da baya a can. Yanzu da aka yi sabuwar gwamnati ta zaɓe, in ji shi, talaka ma za a zuba masa nasa.

Matarsa ƴar masunta ce, Inna Afi, mai bandar kifi. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ni kuma ba na jin yarensu ko gaisuwar. Kwana uku ta ga ina juya tuwon masararsu mai tsami ina tura shi da ƙyar. Ran na huɗu ta hau mota har babbar kasuwa ta nemo gero, ta daka, ta dama mani wani abu da take zaton fura ce. Ba yaji, ba nono, gishiri kuma ta zuba. Na shanye tas, na juya baya don kada ta ga idona. Har yau ban sha abin da ya tuna mani gida kamar wannan ɓatacciyar furar ba.

Ina wata guda ina juya wa Baba tsire sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin unguwa. Direban na sanye da kaki, don haka kafin ya buɗe ƙofa ni ina bayan murhun Inna Afi. Baba ne ya jawo ni da wuyan riga. Wadda ta fito gajeriyar mace ce mai tabarau da takalmin roba, daga wani buro mai binciken bakin teku. Madam kowa ke ce mata. Ta ce gwamnati ta kafa kwamiti da zai yanke inda za a zuba duwatsu da inda za a tashi mutane a ba su fili. Ba za a bi wanda ya fi ihu ba, ko wanda ke da ɗan uwa a sama. Awo za a bi. Tana neman wanda ya iya rubuta lamba, wanda kuma ba ya tafiya su.

"Ga ɗana nan, ya yi lakol," in ji Baba.

Shekara huɗu na yi a lakol, wato makarantar boko, abin da ya rage mani na Faransanci bai wuce ƙidaya da amsa suna ba. Amma aikin ba shi da wuya. Aka kafa sandunan ƙarfe goma sha biyu a jere, nesa da ruwa, kowanne da jan fenti da lambarsa. Duk Litinin da Alhamis da safe in maƙala bakin igiyar awo a ƙarfen, in ja ta har gaɓa inda yashi ya karye, in rubuta a kaye, wato littafin da ta ba ni. Ƙarshen kowane wata direba zai zo ya karɓi takardun, don Madam tana da wurare da yawa da take zagayawa. Ta ɗauki hoton kowane ƙarfe. Sa'annan ta dafa na bakwai, wanda ke daidai gaban unguwarmu kusa da wata tsohuwar rijiya mai bakin siminti, ta yi dogon bayani tana kaɗa yatsa. Baba ya saurara har ta gama, ya naɗe mani shi a taƙaice.

"Ta ce waɗanga turaka na, kai ad da kiwonsu. Ka kula da su awa ranka. In guda ya ɓace, aikinta ya ɓaci. Ka jiya?"

Turke kuwa ai na san shi. Mu gidan kiwon turke ne, mahaifina bijimai yake ɗaurewa yana ciyarwa har su yi ƙiba a kai Gidan Rumji ranar kasuwa. Tun ina ƙarami na san cewa in damina ta sauka wuri ya yi caɓi, sai ka tumɓuke turke ka mai da shi busasshen wuri kafin maigida ya fito ya gani. Ba a gaya maka. Mai hankali yi yake, kuma ba ya zuwa yana faɗi don a yaba masa.

Da farko da tsoro nake aikin. Ina kai bakin gaɓa sai in karanta lamba a tsaye da ƙafa ɗaya, in ruga baya. Masunta suka sa mani suna da yarensu, Baba ya ƙi fassara mani, ya ce ba zan ji daɗi ba. Na lura lambar turke na bakwai da na takwas da na tara tana raguwa, amma ban sa abin a rai ba, na ɗauka haka ake so.

Sai daminarsu ta kankama, teku ya haukace. Wata Alhamis na fito na tarar ruwa ya ci gaɓa har na bakwai ya karkace, taku uku ya rage tsakaninsa da faɗawa. Matar nan ta ba ni amana, ba ta tambaye ni takarda ba, ga kayanta zai tafi a hannuna. Na ruga na ɗauko guduma, na girgiza ƙarfen na tumɓuke shi ruwa na dukan idon sawuna, na ja da baya, na auna daidai tazarar da ta bar masa ranar farko, na kafa shi da kyau. Har duwatsu na tara masa a gindi. Ranar na ci abinci da daɗin rai, ina jin na cika ɗan halak.

Sau uku na yi wa na bakwai haka, na takwas da na tara sau biyu biyu. Ban rubuta a kaye ba, don ba gurbin da aka bari na wannan, ban kuma san yadda ake faɗinsa da Faransanci ba. Lamba kawai nake rubutawa, ita kuwa duk ta yi ƙasa sai ta koma inda ta faro.

A cikin watannin nan layin gidajen da ke gabanmu ya tafi. Da idona na ga bangon wani masunci ya tsage daga sama har ƙasa, ya tsaya jim, ya kife cikin kumfa. Mutane suna gudu da ƙofofi da kwano a ka. Tsohuwar rijiyar nan ta yi gishiri, daga baya ruwa ya rufe ta, sai in ya ja baya da rana ake hango duhun bakinta. Murhu biyu na Inna Afi suka bi. Na daina cire takalmi in zan kwanta. Baba kuwa sai ya tsaya ƙofar gida yana duban ruwan ya ce, "Bari dai awon Madam ya kai gaban manya."

Ranar da Madam ta dawo, ta tara mutane ƙarƙashin rumfar gyaran raga, ta shimfiɗa taswira. Tana magana da yarensu, Baba na juya mani a kunne. Ta ce ruwan duniya ne ke ƙaruwa a hankali, don ƙanƙarar wasu ƙasashe masu nisa tana narkewa, ruwa kuma in ya ɗumama yana kumbura. Ta ce katangar tashar jiragen ruwa ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawo wa wannan gefe, shi ya sa teku ke ci ba ya mayarwa. Sa'annan ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. A duk bakin tekun nan, unguwarmu ce kaɗai awo ya nuna ruwa yana ci yana mayarwa. Ta aika da rahoto, kwamiti ya sa mu a ƙarshen layi: ba duwatsu, ba fili, sai an gama da sauran.

Mata suka ɗau hayaniya. Inna Afi ta miƙe tana nuna inda murhunta yake da. Madam ta ɗaga hannu, fuskarta ita ma ba daɗi, ta ce ta ga gidajen da suka faɗi, amma kwamiti ba ya karɓar kuka, lamba yake karɓa. Ta ƙara wata magana, Baba ya sunkuyo ya juya mani ita.

"Ta ce awo ba ya ƙarya, don turke ba ya motsi. Ƙasa ita ka motsi."

Ban san yadda na tashi daga wurin ba. Na samu kaina bayan masallacin unguwa ni kaɗai. Da a ce ranar farko an ce mani iyaka ce, ko shaida, wallahi ko ruwa zai haɗiye ni da ita ba zan taɓa ta ba. A garinmu wanda ya matsa da gambar iyakar gona, ko gaisuwarsa ba a amsawa da daɗi. Ni ɗan gidan mutunci, iyaka na yi ta tumɓukewa wata huɗu ina yabon kaina.

Kwana biyu na riƙe maganar. Ran na uku bayan la'asar Baba na zaune yana tsire nama, na durƙusa gabansa.

"Baba, ina da magana. Turakan nan... ni na riƙa gusa su."

Wuƙar ta tsaya. "Kag gusa mi?"

"Na bakwai, da na takwas, da na tara. In ruwa ya matso sai in mai da su baya. Na ga kamar za su hwaɗa."

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na fi samun sauƙi. Ya aje wuƙar, ya goge hannu a tsumma, ya dubi bedinsa.

"Ni nac ce maka turke," in ji shi a hankali. "Ta yi magana mai tsawo, ni kau na ga nama na ƙonewa."

"Baba, ba ni da takarda. In anka ji, jandarma za su tahi da ni."

"Na sani. Akwai kamiyon da za shi arewa ran Juma'a, direban ɗan Cadakori na, in nac ce ya ɗauke ka, ya ɗauke ka. Ba ni tilasta maka, ɗiyan mutane kake. Amma ni in na tahi nac ce an gusa turke, cewa za su yi tsoho na son duwatsu. Kai ɗai ka san inda kat tumɓuke su." Ya ɗauki wuƙarsa. "In ka tahi, gidan ga ya tahi. Shi ke nan maganata."

Ba zan yi ƙarya ba, ran Juma'a na ɗauki buhuna na tafi tasha. Na samu kamiyon ana loda masa gishiri, direban ya ce in jira. Na nemi wuri na zauna, sai na ga ashe daidai wurin da na zauna ranar da na iso ne, ga mai sayar da ruwan nan ma tana nan. Ta gane ni, ta yi murmushi. A nan na ga abin da nake shirin yi. Mai biro biyu katina kawai ya tafi da shi. Ni mutumin da ya kira ni ɗansa zan bari a tsaye yana jira, in tafi da gidansa. Na tashi na tambayi hanyar buron Madam.

Da hannu da ƙafa da guntun Faransanci na yi mata bayani, na ɗauki biro na kafa a tebur, na tumɓuke, na ja baya. Ta gane tun a karo na biyu. Ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta aika aka ɗauko Baba, ta ce laifinta ya fi namu, ita ce ta bar wata huɗu ba ta taka wurin ba. Amma rahoto ya riga ya tafi da sa hannunta. In ta canza shi yanzu a kan maganar baƙo, za a ce unguwar ce ta saye ta. Kwamiti zai zo zagaye ran Talata, sai dai su gani da idonsu. Ta jawo hoton ranar farko, ga turke na bakwai, ga bakin rijiya a gefensa.

Ran Talata da azahar, lokacin da ruwa ke ja baya, motoci uku suka tsaya. Mutum shida suka fito da manyan riguna da kwat, sai jandarma biyu a bayansu. Ina ganin kakin nan na matsa bayan Baba. Madam ta yi bayani, ta nuna hoton, ta nuna ni. Shugabansu, wani mai furfura da sanda, ya dube ni sama da ƙasa ya yi magana, Baba ya juya mani, muryarsa ba yadda na san ta ba.

"Ya ce hoto hoto na. Wanda yag gusa shi, shi tahi shi tsaya inda yat tumɓuke shi."

Na dubi wurin. Rijiyar tana can cikin ruwa, igiyar ruwa na karyewa a kanta. Wata bakwai ina unguwar nan ban taɓa barin ruwan ya wuce idon sawuna ba. Na dubi jandarmomin, na dubi teku, na rasa wanda na fi tsoro. Sai na ji ana ɗaura mani igiya a ƙugu. Masuntan nan ne masu yi mani dariya, su huɗu, ba wanda ke dariya yanzu. Madam ta sa mani bakin igiyar awo a hannu ta dunƙule yatsuna a kai.

Ruwan ya fi yadda nake zato sanyi, kuma yana da hannu. In ya zo sai ya ture ka, in zai koma sai ya kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarka. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Wata igiyar ruwa ta taso ta fi ni tsawo, na rufe ido na yi shahada, ta buga ni ƙasa, gishiri ya cika mani hanci da baki. Na ji an ja igiyar ƙuguna na miƙe ina tari. Ina jin masunta na ihu suna nuna hagu. Na matsa hagu, na laluba da ƙafa, ba komai sai yashi mai gudu. Na ƙara taku biyu, babban yatsana ya daki abu mai tauri. Na bi shi da tafin ƙafa, na ji ya zagaya. Na hau bakin rijiyar na tsaya, ruwa a ƙirjina, na ɗaga hannun da ke riƙe da igiyar awo sama, ina kuka kamar ɗan yaye, ba wanda ya sani don fuskata a jiƙe take.

Daga can na ga Madam ta ja igiyar awon ta miƙe, ta karanta tazarar da ruwa ya ci, ta nuna wa mai furfura. Ya sunkuya ya duba da kansa. Ya ɗago ya dubi inda nake, ya juya ya dubi gidan Baba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Da aka jawo ni waje, ɗaya daga jandarmomin ya matso ya miƙo hannu yana tambayar takarda. Baba ya shiga tsakaninmu, Inna Afi ta yafa mani zanenta tana zazzaga masa masifa da yarensu, Madam ta ce ma'aikacinta ne, ita ke da alhakina. Ya ɗaga kafaɗa ya koma. Daga baya ta yi mani wata takarda mai hatimi, ta kuma ce in ci gaba da aiki, wai yanzu duk bakin tekun ba wanda ya fi ni sanin abin da ba a taɓawa.

Sati uku unguwa na murna. An ce mun tashi daga ƙarshen layi mun koma na farko. Baba ya yanka rago, yana ta lissafa wa mutane inda motocin duwatsu za su bi su shigo. Ni ma na fara barci ba takalmi.

Sai takardar kwamiti ta fito. Madam ta kawo ta da kanta, ba ta aiko direba ba. Ta zauna kan bencin tsire ta yi wa Baba bayani a hankali, wannan karon bai juya mani ba, a fuskarsa na karanta. Awon gaskiya ya nuna ruwa na cin unguwarmu fiye da ko'ina. Cin ya yi yawa, ko an zuba duwatsu nutsewa za su yi, teku ya zagayo ta baya. Ba za a zuba ba. Za a tashi unguwar gaba ɗaya kafin damina mai zuwa, a ba kowa fili can bayan gari, nesa da ruwa. Gidajen kuma a rushe, don kada wani ya koma ciki ya mutu.

Da na yi shiru, da teku ya ci gidan ba ko fili. Da na yi magana, na kawo masa takardar rushewa. Na san wanne ya fi, Baba ma ya sani, amma sanin bai hana ni jin kamar ni na kashe masa wani abu ba.

Kafin a raba filaye sai an sa wa kowane gida lamba da jan fenti a bango. Wanda ya iya rubuta lamba, ya kuma san gidan kowa, ai ba sai an nema ba. Na fara daga ƙarshen unguwa don in jinkirta, ina yi ina sunkuyar da kai, wasu su ba ni ruwa, wasu su shige ɗaki su rufe ƙofa. Da hantsi na iso ƙofar Baba. Yana zaune gindin bango da carbi. Na tsoma buroshi cikin gwangwani, na ɗaga, fenti na ɗiga a ƙafata. Hannuna ya ƙi kaiwa bangon.

Baba ya miƙe ya sa carbin a aljihu.

"Kawo nan. Hannunka na rawa, za ka ɓata mani bango."

Na miƙa masa. Ya tsaya gaban bangon da ya gina, buroshi a hannu.

"Lamba nawa ta?"

"Arba'in da ɗaya, Baba."

"To ni ban yi lakol ba, ɗana. Riƙa mani hannu."

Na riƙe hannunsa muka rubuta, huɗu da ɗaya. Ya ja baya ya duba ko ta miƙe, ya mayar mani da buroshin.

"Wuce gidan gaba," in ji shi. "Rana na yi."